Mabiya 40,000, ciniki roba 20: ina matsalar take?

Assalamu alaikum Adda. Ni matar aure ce a Tumfure, nan cikin Gombe, 'ya'yana uku. Shekara biyu ke nan ina dambun nama da yaji ina sayarwa ta waya. Bara wani bidiyo da na ɗora a TikTok ina dakan nama ya yi yawo sosai, na ƙara da rabon katin waya, yanzu mabiyana sun kusa 40,000. Amma wallahi Adda a wata da ƙyar nake sayar da roba 20. Kullum sai "nawa ne?", in na ce a biyo ni ta inbos sai shiru. Na biya wata mai tarin mabiya naira 50,000 ta tallata mini, mutum biyu kacal suka saya. A WhatsApp kusan mutum 300 ke kallon sitatus ɗina, har da dangina da dangin maigida, ba mai saye, in sun karɓa ma bashi ne. Kwanan nan wata ta rubuta a ƙarƙashin bidiyona wai wa ya san naman me nake dakawa, na kwana ina kuka. Abban yara ya ce kuɗin data ya fi ribar, in haƙura. Ƙawata ta ce laifina ne da ba na nuna fuskata, kuma akwai masu sayar da mabiya da arha. Ni dai zuciyata na raya mini baki ne ya kama sana'ar. Yaya zan yi?

Ƙanwarki daga Tumfure

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa nema albarka.

Bari in fara da tona wa kaina asiri: ni ma ina cikin 'yan "nawa ne". Ko a makon jiya, wajen ƙarfe 11 na dare, na gama shirin kwanciya ina ta jan waya, sai na ga wani leshi ruwan ƙasa a shafin wata baiwar Allah, na tambayi kuɗinsa. Ta ce in biyo ta ta inbos. Ban bi ta ba. Ba ni da biki a gabana, albashi bai shigo ba, barci ma ya fara fizgata. Da gari ya waye na manta da ita, na manta da leshin. In har ta kwana tana lissafin me ta tsare mini, ko wa ya zuga ni, to ta wahalar da kanta a banza.

Maganar baki kuwa, ba zan ce miki babu shi ba. Kambun baka gaskiya ne, ki riƙe azkar ɗinki na safe da na yamma. Sai dai duk abin da kika zayyana a wasiƙar nan yana da dalilin da ido ke iya gani, kuma yawancinsa a hannunki gyaran yake.

Kin taɓa ganin mai wasa da maciji ko mai maganin gargajiya da lasifikarsa a bakin Babbar Kasuwar Gombe? Kafin ki ce kwabo an yi masa zobe, yara da manya, har masu acaɓa suna rage gudu. Taku kaɗan daga nan ga wani dattijo a rumfarsa yana auna shinkafa, mutum biyu ne a gabansa. In yamma ta yi a ce kowa ya zazzage aljihunsa, kin san wanda zai fi nauyi. TikTok filin mai macijin ne. Manhajar ba ta damu da ko mai kallo ya san ki ba. Tana jefa bidiyo gaban mutane, ta lura da wa ya tsaya, wa ya kalla har ƙarshe, wa ya maimaita, wa ya tura wa wani. In ta ga ana tsayawa sai ta ƙara bazawa. Ƙarar taɓarya a turmi da naman da ke warwarewa kamar auduga abin kallo ne mai daɗi, shi ya sa naki ya yi yawo. Ya je Kano, ya je Maraɗi da Damagaram, ya je wurin 'yan uwanmu mazauna Saudiyya da Sudan da Gana, ya je wayar ɗan sakandaren da ya ari ta yayarsa. Sun yaba, Allah ya saka musu. Amma wanda ke Kumasi ba zai aiko a kai masa roba ɗaya daga Tumfure ba. Ki shiga wurin da manhajar ke nuna alƙaluman shafinki, TikTok da Instagram duk suna da shi, ki duba daga ina mabiyan suke, maza ne ko mata, da wane lokaci suka fi hawa. Ina kyautata zaton in kika gani za ki daina jin haushinsu.

Rabon kati kuma, ki yi haƙuri da ni, shi ya ƙara dagula lissafin. Wanda ya bi ki don katin naira 500 kati ya zo nema. In kin ɗora dambu ya wuce da sauri, manhajar kuma tana rubuta cewa an wuce. Sayen mabiya ya fi wannan muni, don galibinsu shafukan bogi ne da babu mutum a bayansu, ba sa kallo balle su ji yunwa, kamfanonin kuma sukan share su lokaci zuwa lokaci, har su hukunta shafin da ya saya. Taron tsintsiya ne ba shara. Batun fuska ma ki ajiye shi gefe. Wannan magana ce tsakaninki da mijinki da abin da ranki ya natsu da shi, sana'ar ba ta neme ta ba. Mai sayen abinci abin da yake son gani shi ne tsokar naman, da tsabtar tukunya, da hannun da ke aikin, da yadda aka rufe robar.

Yanzu ga inda nake ganin laifinki ƙarara: ɓoye farashi. Na san dalilin. Mun taso a kasuwar da ake tayawa a ce albarka, a ƙara a ce na sallama, sai muke ganin faɗin kuɗi tun farko kamar sakin layi ne. Wasu kuma tsoro suke kada 'yar uwar sana'a ta gani ta karya. To ita 'yar uwar sana'ar ta daɗe da tambayarki da layin ƙanwarta, ta sani sarai. Wadda kika ɓoye wa ita ce mai niyyar saye. Mu mutane ne masu kunya. Mace tana son dambun, amma tana gudun ta shigo inbos ku yi sallama, ki tambaye ta maigida da yara, sannan ki faɗi kuɗin da ya fi ƙarfinta, ta rasa yadda za ta zame. Sai ta haƙura tun daga waje. Ki rubuta a jikin kowane hoto da kowane bidiyo: ƙaramar roba kaza, babba kaza, na kaza ne ko na sa, Gombe kike, kai kaya cikin gari kaza, tura wa Bauchi ko Yola ko Abuja ta tasha kaza, ga lambar WhatsApp. Masu "nawa ne" za su ragu, shafin zai yi kamar ya yi sanyi, kada hakan ya tsorata ki. Wanda ya yi miki magana bayan ya ga kuɗin, ya riga ya taɓa aljihunsa. Shi kuma kada ki bar shi ya jira. Sha'awar dambu ba ta kwana, in kin amsa bayan awa shida ya ci tuwonsa ya manta.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne kin ba ni labarin mutum 40,000, da mutum 300, da mace ɗaya mai baƙar magana, amma ba ki ce mini komai ba game da waɗanda suke sayen roba 20 ɗin nan. Su waye? A wace unguwa suke? Wa ya saya sau ɗaya bai dawo ba, wa yake dawowa duk wata? Wa ya saya don yaronsa na makarantar kwana, wa ya saya don tsaraba? In ba za ki iya amsawa ba, to kin shekara kina yi wa 'yan kallo hidima, masu ciyar da sana'ar kuma ko gaisuwar Juma'a ba sa samu.

Akwai wata goggona, Allah ya jiƙanta, dillaliya ce a Jekadafari tun ana cikin tsohuwar jihar Bauchi, kafin a ba mu Gombe a 1996. Ba ta taɓa riƙe waya ba. Gidajen da take shiga ba su fi ka ƙirga ba, amma ta san wadda za ta aurar da 'ya bayan Sallah, ta san wadda za ta ɗauki adashe a ƙarshen wata, ta san wadda kishiyarta ta yi sabon kwano jiya. Ba ta kai atamfa gidan da ake zaman makoki, ba ta zuwa ranar da ta san babu. In ta shiga da ƙunshinta da wuya ta fito da shi yadda ya shiga. Da wannan ta je Makka. Ilimin da ke kanta shi ne wayarki za ta iya riƙe miki, in kin ba ta aikin.

Ki samo littafi mai bango, ko ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, tun 2018 aka fito da shi don masu ƙananan sana'o'i. Yana da wurin jera kaya da hotonsu da kuɗinsu, yana da alamomin da za ki liƙa wa kowane mutum, wannan ya biya, wannan ana bin sa, wannan sabon kwastoma ne, yana kuma iya gaida mai magana da kansa in kina kan murhu. Ki bi tsofaffin hirarrakinki na shekara biyu ki tsamo duk wanda ya taɓa tura miki kuɗi. Ko mutum 60 ne, su ne kasuwarki. Ki gaishe su ɗaya bayan ɗaya, da sunansu, ba saƙon da aka kwafa aka watsa ba. Ki tambaye su yadda suka ji kayan, kuma ki daure wa amsar. Watakila mai ya yi yawa, watakila yajin ya fi ƙarfin yara, watakila robar ta yi tsada ga ɗaliba kuma da kin yi ƙunshin rabinta da ta riƙa saye duk mako. Wannan bayanin ba za ki taɓa samunsa daga masu turo hoton wuta da zuciya a TikTok ba. Wanda ya yaba, ki nemi izininsa ki ɗora yabon a sitatus, ki goge suna da lamba. A garin da kowa ya san wanda aka taɓa damfara ta waya, shaidar maƙwabciya ta fi kowane talla.

Ki kuma gane yadda sitatus yake. Ba ya zuwa wa kowa sai wanda kika adana lambarsa shi ma ya adana taki, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Jerin watsa saƙo, wato wurin da WhatsApp ke tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda, shi ma haka, mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya adana lambarki zai samu. Ke nan kalmar da ta fi kowace daraja a bakinki ita ce "Hajiya don Allah ki adana lambata". Duk wanda TikTok ya kawo, ki ja shi zuwa nan. Amma banda zuba hoto 30 a rana har ɗigon saman ya koma kamar ƙwayar gero, mutane rufe ki za su yi ba ki sani ba. Banda kuma jefa mutane guruf ba da izininsu ba, in ƙorafi ya yi yawa WhatsApp na iya rufe layin. Uku ko huɗu masu kyau sun isa, a lokacin da mata suka sauke tukunya suka zauna.

Sannan dambu yana da lokacinsa. Gombe garin ma'aikata ne, ciniki yana bin albashi, tallan da kika yi ranar 15 ga wata ba daidai yake da na ƙarshen wata ba. Akwai makon komawar 'yan makarantar kwana, akwai dawowar ɗaliban jami'ar jiha da na Kashere da na kwalejin ilimi, akwai masu tafiya Umara da Hajji da ke son guzurin da ba ya lalacewa, akwai garar amarya, akwai masu jego da yajinsu, akwai sahur. Kwana goma kafin kowanne ki fara karɓar oda, a ba da rabin kuɗi. Bayan Babbar Sallah kuwa kowane gida da nama, ba mai sayen naki, amma mata da yawa suna neman wadda za ta mayar musu da naman layya dambu a biya ta ladan aiki. Ga turminki, ga hannunki da duniya ta riga ta shaida.

Naira 50,000 da kika bayar ta tafi, Allah ya mayar da alheri. Ba lallai ne waccan ta cuce ki ba, ta nuna wa jama'arta, jama'arta ne ba naki ba. Mutane na bin ta don barkwanci ko kwalliya, kuma a warwatse suke a duniya. Da kin yi lissafi kafin ki tura: a ce ribarki a roba naira 1,000 ce, sai an sayi roba 50 kafin kuɗin tallan kawai ya dawo. Masu tasirin da za su yi miki amfani suna nan kusa, ba su ma san sunansu ke nan ba. Mai kitson da mata goma ke zama a gabanta kullum, mai lalle, telar mata, uwar adashe, malamar asibiti a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kwana wurin aiki da abokanta, ɗalibar da ɗakinta ba ya rabuwa da baƙi a hostal. Ki ba irinsu ɗanɗano, ki yanka musu wani abu a kan kowace robar da ta fita ta hannunsu. In kuma kin ƙuduri biyan kuɗin talla, na Facebook da Instagram ya fi dacewa da ke, don yana ba ki damar zaɓar gari, da shekaru, da mata ko maza, mai sha'awa kuma yana dannawa ya faɗo WhatsApp ɗinki. Ki fara da kaɗan na kwana uku, cikin Gombe kawai, ki ƙirga mutum nawa suka biya, sannan ki yanke shawarar ƙarawa.

Dangi kuwa, ki sauke su daga ranki. Suna kallon sitatus ne don su ga kina lafiya, ko su ga labulen da kika sauya. Ba su yi alkawarin saye ba. Abin da za ki hana shi ne bashi. Ki ce kuɗin nama na mahauci ne, ba naki ba, kuma gaskiya kika faɗa. Wadda kika ga ya dace ki ba ta kyauta, uwar miji ko goggo, ki ba ta da sunan kyauta ki rubuta a littafi, ya fi bashin da ke hana gaisuwa a gidan suna. Baƙi kuma kada kaya su bar hannunki don hoton rasit ko saƙon alat. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya koma tiransifa, masu alat na bogi ma suka samu kasuwa. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin ya zauna.

Mai cewa wa ya san naman me kike dakawa ta ɓata miki rai, na sani. Kada ki tanka mata, kada ki yi bidiyon raddi da habaici, masu son rigima ne za su cika shafin, manhajar kuma ta ƙara turo irinsu. Ki goge, ki toshe ta in ta dawo. Amma bayan kin share hawaye ki lura, a cikin rashin ladabinta akwai tambayar da masu kunya suke yi a zuci. Ki amsa musu su. Da izinin mahaucinki ki ɗauki bidiyo a rumfarsa yana yanka miki cinya, ki nuna wanki, ki nuna tafasa, ki nuna suya, ki rubuta ranar da aka yi a jikin roba. Ranar da kika fara tunanin shiga manyan kantuna, za su tambaye ki lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, sai ki fara shirinta tun da wuri.

Abban yara bai yi ƙarya ba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, bidiyo ya zama abin lissafi. Kuma ina zargin ba kuɗin kaɗai ke damunsa ba, har da matar da ya gani ta kwana tana kuka a kan maganar wadda ba ta sani ba, da wayar da ba ta barin hannu ko ana cin abinci. Kada ki yi masa gardama da baki. Ki kai masa littafin: ga kuɗin nama, ga mai, ga gawayi, ga roba, ga data, ga abin da ya saura. Ki gaya masa yawan datar da ke tafiya a kallon bidiyon wasu, don ni da ke mun san ba ɗora dambu ne ke cinye ta ba. Ki roƙe shi wata uku, da alkawarin lokacin ajiye waya da dare. Namijin da aka nuna wa lissafi yakan koma shi ne mai kai kaya tasha.

Littafin nan yana da wani amfanin. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, masu sana'a a can suka wayi gari ba rumfa. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida, don duk na kamfani ɗaya ne. Shafi ma ana sace shi, ana rufe shi. Lambobin masu sayenki su kasance a rubuce a takarda, cikin durowa. Lambar sirrin da ake turowa ta tes kuma kada ki karanta wa kowa, ko ya ce shi shugaban guruf ɗin Islamiyyarku ne.

Ban ce ki bar TikTok ba. Ki ci gaba da ɗorawa sau biyu ko uku a mako, farashi da sunan gari a jiki. Bayan wata ukun ki sake rubuto mini, ki faɗa mini mutum nawa suka saya sau biyu, yawan mabiyan ki riƙe abinki. Ki haɗo da kuɗin ƙaramar robar dambun kaza, autana zai koma makaranta, kuma wannan karon in na tambaya zan biya.

Addarki